Maganin Gwiwar Iya Tarana

Matafiyan da, waɗanda in sun ba ka labari sai ka tace shi da rariya, sun ce can ƙarƙashin ƙasa, bayan inda kogi ke nutsewa, akwai wani birnin aljanu wanda rufinsa jinka ɗaya ce tak. Ba ta da ginshiƙi, ba ta da bango. A kan kawunan mutanen garin take zaune. Suna ciniki da ita, suna biki da ita, har faɗan miji da mata suna yi tana bisa kansu. Mutum ɗaya na sani da ya je ya dawo, Korau majemi, mutumin Tsangalma, kuma ba yawon buɗe ido ya kai shi ba.

Tsangalma gari ne na durƙuso. Dogari ya durƙusa wa Magaji Gagarau mai garin, maƙeri ya durƙusa wa dogari, masaƙi ya durƙusa wa maƙeri, mahauci ya durƙusa wa masaƙi, majemi ya durƙusa wa mahauci da duk sauran. Da yake kowa na da wanda zai huce haushinsa a kansa in ya dawo daga nasa durƙuson, ba wanda ya taɓa cewa a daina. Majema kaɗai ne ba su da na ƙasa, sai karnukan da ke bin warin fata, su kuwa karnuka ba su san girma ba. In ka yi ƙorafi sai a ce maka durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ni dai na lura masu yawan faɗin haka ba su ne ke da kanta a gwiwa ba.

Wata ranar kasuwa, Iya Tarana, mahaifiyar Korau, ta kai daddawarta sayarwa. Tsufa da sanyin ƙashi sun riga sun sandarar mata da gwiwoyi, ko salla a zaune take yi ƙafafu miƙe. Magaji ya ɓullo ƙarƙashin laima, kasuwa ta zube rim, aka bar tsohuwa ita kaɗai a tsaye, dogare da sanda.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ba raini ba ne. Gwiwa ce ta ƙi."

"A garina gwiwa ba ta ƙi," in ji Magaji. "Ku kai ta rami. Ranar da ta durƙusa a fito da ita."

Ramin nan tsohuwar rijiya ce da ta ƙafe a bayan fada. Dogarai suka ɗaura wa tsohuwa igiya a ƙugu suka zura ta kamar guga, suka ce za a riƙa sauke mata kunu a ƙoƙo. Mutanen kasuwa suka tashi suka kaɗe gwiwoyinsu, aka ci gaba da ciniki.

Korau ya bi gari gida gida yana neman wanda zai raka shi roƙo. Maƙeri ya ce shi ba ya shiga maganar majema. Masaƙi ya ce ya tsaya daga waje kada wari ya kama masa zare. Mahauci kuwa, wanda kullum daga hannunsa Korau ke karɓar fata, cewa ya yi, "Da ma ku majema kun fara ɗaga kai." Kuma abin takaicin, a ƙofar kowannensu sai da Korau ya durƙusa kafin a gaya masa wannan magana.

Ya koma wurin jimarsa zuciya kamar ta fashe. Akwai wani tsohon ƙirgi, busasshiyar fatar wata dabba da ba a san irinta ba, wanda wani baƙo ya bari tun zamanin ubansa bai dawo ba. An jiƙa shi ya ƙi laushi, an sa masa bagaruwa ya ƙi ci. Korau ya ɗauki taɓarya ya hau shi da duka, yana zagin Magaji da kakanninsa.

"Kai mai dukan nan," in ji ƙirgin, "ni na jefa uwarka a rami?"

Taɓarya ta faɗi daga hannun Korau. Amma wanda baƙin ciki ya cika wa ciki ba shi da wurin ajiye tsoro. Ya ce, "Ko kai wane ne, in ka san maganin gwiwa ka faɗa mini. So nake ta lanƙwashe sau ɗaya tak, su sake ta."

"Babu wanda ya san gwiwa kamar mutanen Birnin Jinka. Ja ni zuwa kogi ka hau."

Ya ɗaura jakar garin bagaruwa a ƙugu, ya ja ƙirgi zuwa kogi, ya hau. Ƙirgi ya kwarmaɗe ya zama kamar kwale-kwale, ruwa ya ɗebe su, ya shige da su wani kogon dutse, hasken duniya ya ɓace, wani haske kore ya maye gurbinsa.

Ƙasar farko da suka riska, mutanenta da rarrafe suke tafiya. Gwiwoyinsu sun yi kanta kamar na raƙumi, haɓarsu na sharar ƙasa. Suka sa ƙugiyoyi suka jawo ƙirgi gaɓa.

"Wane ne wannan mai tsayuwa a ƙasarmu ƙerere?" in ji babbansu.

"Baƙo ne, wucewa zan yi. Wa kuke durƙusa wa haka?"

"Sarkinmu."

"Ina yake?"

"Ya mutu tun kakannin kakanninmu. To don ya mutu sai mu zama marasa kunya? Ku kawo lauje a yanke wa baƙon nan jijiyar ƙafa, ya koyi ladabi!"

Suka yo kansa kamar kiyashi. Korau ya kwance jaka ya watsa garin bagaruwa ƙasa ƙasa, daidai inda idanunsu suke. Suna ta atishawa da murzar ido ya tura ƙirgi ruwa ya faɗa ciki.

Ƙasa ta biyu kuwa mutanenta a sama suke. Kowa ya ɗora turmi bisa turmi, kujera bisa turmi, ya haye can ƙololuwa don kada maƙwabcinsa ya fi shi tsawo. Kogi na gudu a ƙarƙashinsu, leɓunansu sun tsattsage don ƙishirwa, amma ba mai sauka ya sha, kada a ce ya yi ƙasa.

"Kai na ƙasa, miƙo mini ruwa!" in ji wani.

"Ni za ka fara ba, na fi shi turmi!" in ji na kusa da shi.

Da suka ga bai tsaya ba sai suka shiga zare turame daga ƙarƙashinsu suna jifansa. Wani turmi ya yage gefen ƙirgi, ruwa ya fara shiga, Korau ya toshe da rigarsa. Yana waiwaye yana kallon masu jifan suna rikitowa ɗaya bayan ɗaya, sai ya kece da dariya har da buga cinya. Kowane ya faɗo, fuskar Magaji yake gani.

"Wannan dariyar taka ba ta yi mini ba," in ji ƙirgi.

"Ba a tambaye ka ba," in ji Korau.

Daga nan sai sama ta fara zubo da baƙaƙen duwatsu masu zafi, suna faɗawa ruwa suna cuu. Korau ya duƙunƙune, ƙirgi ya naɗe shi, har suka daki gaɓa. Da ya leƙo sai ga jinkar nan, iyakar ganin ido, duwatsu na sauka a kanta suna gangarewa. A ƙarƙashinta ga gonaki, ga kasuwa, ga yara na guje-guje.

A bakin shiga wata aljana ce tsaye tana naɗin gammo, ƙafafunta irin na jimina. Ta ce sunanta Marka. Ba ta tambaye shi ɗan gidan wane ne ba, ba ta toshe hanci ba. Ta auna tsawonsa da zare, ta naɗa masa gammo, ta ɗora masa a ka.

"Ya kai ɗan Adam, duk wanda ya shiga inuwar nan ya ɗauki rabonsa. In ka gaji ka ce a karɓe ka, na kusa da kai za su riƙe maka. Shigo."

Yana shiga jinka ta sauka a kansa, sai ya ji nauyinta bai fi na ƙwaryar fura ba. Ya duba, ga wani wada da gammo dogo kamar kwando, ga wani zabgegen aljani da gammo siriri kamar faifai, kan kowa ya taɓa jinka daidai. Wata tsohuwa ta ce, "A karɓe ni," maƙwabtanta suka gyara tsayuwa ba tare da sun katse hirarsu ba, ta zauna ta miƙe ƙafa. Korau ya tuna da tasa tsohuwar a cikin rami.

Ya tambayi gidan sarki. Marka ta ce ba su da wannan, sai dai mai rabon ruwa, kuma yau Zangalau ne, gobe ita ce. Ta raka shi tsakiyar gari inda Zangalau, wani tsohon aljani, ke tsaye bakin randa da ludayi. Gemunsa ya kai gwiwa, idanunsa kamar garwashi. Korau na ganin wannan kwarjini, jikinsa bai jira shawararsa ba. Ya tuɓe takalma ya zube.

"Ranka ya daɗe…"

Jinka ta yi wata ƙara kamar tsawa, ta karkace. Duk nauyin wannan sashe ya tattaru ya sauka a kan Zangalau shi kaɗai. Wuyansa ya nutse cikin kafaɗunsa, ƙafafunsa suka shige ƙasa har idon sawu, randa ta fashe. Ta inda jinka ta buɗe duwatsu suka zubo suka kama rumbu da wuta. Aljanu suka rugo ta ko'ina suna sa kai, Marka ta cafki Korau ta ƙeya ta miƙar da shi tsaye. Sai da aka sha wuya kafin jinka ta koma daidai.

Zangalau ya zaro ƙafafunsa, hayaƙi na fita ta hancinsa.

"Ya kai ɗan Adam, me na yi maka? Na kashe maka wani ne, ko na ci maka gado, da za ka zo har garinmu ka nemi karya mini wuya?"

"Girmama ka na yi, ranka ya daɗe."

"Ran kowa ya daɗe! Girmamawa? Ka sauke kayanka ka ɗora mini, ka buɗe rufi a kan 'ya'yan mutane, ka kira shi girmamawa? A nan duk wanda aka durƙusa wa, shi ke ɗaukar nauyin. Ba mu da zagin da ya fi wannan. Faɗi abin da ya kawo ka, kuma a tsaye."

Korau ya ba da labari tun daga kasuwa har rami, ya ƙare da cewa, "Maganin da zai lanƙwasa mata gwiwa nake nema, ta durƙusa masa, ya sake ta."

Sai aljanu suka ɗauki gurnani, har ciyawar jinka na rawa.

"Kun ji!" in ji Zangalau. "Gwiwa ɗaya ce mai lafiya a garinsu, ita ya zo nema wa magani! Kai, da uwarka ta haife ka, a durƙushe ta haife ka. Wannan durƙuson bai ishe ka ba, sai ka kai ta gaban wani ƙato ta sake?"

Maganar ta soki Korau, idonsa ya rufe. Ya manta da aljani yake magana.

"Kai da ke cikin inuwa, me ka sani? Na bi gari kaf ba wanda ya taka mini! Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ku da kanku shaida ne. In kuna da abin da zai sa Gagarau ya ci ƙasa a gabanta, ku ba ni. In babu, ku ba ni abin da na roƙa, ku riƙe wa'azinku!"

Zangalau ya dube shi, wutar idonsa ta ɗan lafa. "Yanzu ka yi magana kamar mai ƙafafu." Ya sa Marka ta tari ruwan da ke ɗiga daga bakin jinka ta cika gora. "Maganin lanƙwasa gwiwa ba mu da shi, ba za mu taɓa yi ba. Wannan ka zuba a rijiyar garinku. Gwiwar da ta sha shi za ta lanƙwashe wa Mahalicci, za ta lanƙwashe wa haihuwa da shuka da ɗaukar yaron da ya faɗi. Ba za ta lanƙwashe wa mutum ba. Amma ka ji sharaɗi. Daga ranar, garinku ya shiga ƙarƙashin hukuncin jinka, ko da ba ku ganinta. Wanda duk aka durƙusa wa, nauyin garin zai sauka a wuyansa. Ko wane ne shi, kuma ko wane ne ya durƙusa."

Korau ya karɓi gora. Gwiwarsa ta fara sauka don godiya, Marka ta daka masa tsawa, ya miƙe.

Ƙirgi ya haura da shi kogi, suka wuce masu turame da masu rarrafe a guje, ya sauke shi a gaɓar Tsangalma da sassafe, ya nutse abinsa. Korau ya juye gora a babbar rijiya kafin mata su fito ɗiba.

Da hantsi abin ya fara. Masaƙi ya haɗu da maƙeri a lungu, ya yunƙura zai zube, gwiwa ta ce ba da ita ba. Maƙeri ya ɗaga hannu zai mare shi sai ga dogari, maƙerin ya yunƙura zai zube, shi ma ya kasa. Suka tsaya cirko-cirko su uku suna kallon juna ido cikin ido, abin da ba su taɓa yi ba. Maƙeri ya ga ashe dogarin nan da yake tsoro tun yana saurayi ko kafaɗarsa bai kai ba.

Magaji Gagarau kuwa ba ya shan ruwan talakawa, rijiyarsa daban take a cikin gida. Ya fito ƙarƙashin laima ya tarar da kasuwa a tsaye ƙiƙam.

"Ku zube!"

Ba wanda ya motsa.

"Dogarai, ku kai su rami! Dukansu!"

Dogarai suka dubi taron, suka dubi ƙafafunsu. Babbansu ya ce, "Ranka ya daɗe, da mu za a fara ke nan." Wani ya yi dariya daga baya. Mai riƙe da laima ya naɗe ta ya jingine a rumfa.

Sai Korau ya ɗaga murya. "Uwata na cikin rami saboda abin da kowannenku ya kasa yi yau! Za ku taya ni, ko ku ma igiyar kuke jira?"

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Maƙeri ya kawo ƙugiya, masaƙi ya kawo sabon ƙyalle a yi mata majanyi, mahauta da majema suka kama igiya ɗaya, ba wanda ya tuna da wari. Aka jawo Iya Tarana. Kwanakin da ta yi a rami sun sa ta rame ta zama kamar kara, ƙafafunta sun kumbura, idonta ba ya son haske. Aka jingina ta da sandarta ta tsaya.

Da Korau ya ga yadda ta koma, duk abin da aka gaya masa a Birnin Jinka ya fice masa daga kai. Ya shaƙo Magaji ta wuyan riga ya jawo shi gabanta.

"Kai kaɗai ne gwiwarka ke aiki a garin nan. Durƙusa mata!"

"Ya durƙusa! Ya durƙusa!" in ji taro. Waɗanda jiya ba su ɗaga ido su dube shi su ne suka fi kowa ƙara.

Magaji ya duba hagu da dama bai ga mai cetonsa ba. Sai ya fara sauka. Daɗi ya lulluɓe Korau tun daga kai har ƙafa, bai taɓa jin irinsa ba. Sai ya ji wata ƙara a sama, ƙarar busasshiyar ciyawa, alhali ba komai a sararin sai rana. Ya waiwaya. Wuyan Iya Tarana na nutsewa cikin kafaɗunta, sandarta ta gantsare tana shirin karyewa, bakinta a buɗe ba sauti.

Ya daka tsalle ya rungumo Magaji ta ƙarƙashin hammata, saura ƙiris gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Mutumin ƙato ne, ga tsoro ya kashe masa jiki, nauyinsa na jan su ƙasa su biyu.

"Ku kama mini shi! In ya kai ƙasa ta mutu! Ku kama!"

Maƙeri ne ya fara sa hannu, sai mahauci, sai babban dogari, sai mata masu daddawa. Suka ɗaga Gagarau suka miƙar da shi a kan ƙafafunsa. Ƙarar ta ɗauke. Iya Tarana ta ja dogon numfashi ta ɗago kai.

Korau na riƙe da mutumin da ya fi ƙi a duniya, ƙirji da ƙirji, yana kuka don tsabar haushi. Ya so ya cije shi, ya so ya sake shi ya faɗi, amma bai sake ba.

"A kawo ruwan rijiya," in ji tsohuwa, muryarta a shaƙe.

Aka kawo a ƙwaryar wani majemi, duk baƙin bagaruwa a bakinta. Ta kurɓa, ta miƙa wa Magaji. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi hannayen da ke riƙe da shi.

"Sha," ta ce. "Ba don na yafe maka ba. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Amma na ɗanɗani abin da kake nema a ba ka kullum, ko maƙiyina ba na yi wa fatansa."

Ya sha har ya zubo masa a gemu. Aka sake shi, ya tsaya a cikin mutane, ba wanda ya matsa masa, ba wanda ya ture shi.

Korau ya share fuska ya juya wa uwarsa baya. "Iya, hau in goya ki."

"Ka goyi wa? Miƙo hannu dai."

"Ƙafafunki sun kumbura, Iya. Ga gida da nisa."

"To ka ce za mu daɗe a hanya," in ji ta. "Ta tsakiyar kasuwa za mu bi. Akwai waɗanda na sayar wa daddawa tun ina yarinya, ban taɓa ganin fuskarsu ba sai ƙafafunsu. Yau ina so in ga kowa."